Zaɓin Ɗan Adam Da Wahalar Duniya

 

A wannan mako na ajiye darasin da na yi niyya, saboda wata tambaya da aka yi mini wadda ta hana ni sakat. Kwanakin baya, bayan an tashi daga darasin Nahawu, wani ɗalibina ya tsaya bai fita tare da 'yan'uwansa ba. Yaro ne natsattse mai kaifin fahimta, amma tun da ya komo daga hutu na lura ya zama shiru-shiru. Ashe wansa aka kashe a garinsu a kan rikicin iyakar gona, ya bar mace da 'ya'ya ƙanana. Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya, amma ina tsoron kada ta zama saɓo." Na ce, "Faɗi, ɗana, ai tambaya rabin ilmi ce." Ya ce, "Da Allah bai ba mutum ikon zaɓi ba, da wanda ya sari yayana bai iya ɗaga hannunsa ba. Me ya sa ba a yi mu kamar mala'iku ba, ko kamar rana da wata, kowa ya bi hanyarsa tilas, babu kisa, babu zalunci, babu maraya? Ni dai, Malam, da za a ce mu miƙa zaɓinmu a ɗauke wa mutane wahala, wallahi da ni zan fara miƙawa."

Ban tsawata masa ba, kuma ina roƙon malamai 'yan'uwana kada su riƙa tsawata wa mai irin wannan tambaya. Duk wanda ya karanta aya ta 30 ta Suratul Baƙara ya san cewa mala'iku ne suka fara yin makamanciyarta. Sa'ad da Allah ya sanar da su zai sanya halifa a bayan ƙasa, abin da suka hango shi ne ɓarna da zubar da jini, watau daidai abin da ya sami gidan su wannan yaro. Ba a ƙaryata su ba, ba a ce musu jinin ba zai zuba ba. An dai nuna musu cewa saninsu bai kai inda sanin Mahaliccinsu ya kai ba, sa'an nan aka sanar da Adamu sunaye, aka nuna fifikonsa a gabansu. Ka lura, ya kai mai karatu, Allah yana da halittar da ba ta saɓa masa tun kafin a halicce mu, kamar yadda aka siffanta mala'iku a aya ta 6 ta Suratut Tahrim. Duniyar da ɗalibina ya ke fata akwai ta tuntuni. Duk da haka aka halicci wani iri dabam, mai iya bi, mai iya ƙi.

Da ya ke sana'ata koyar da Larabci ce, bari mu fara da kalmomin kansu. Abin da mu ke kira zaɓi, Larabawa suna ce masa ikhtiyar, kuma tushensa ɗaya ne da khair, watau alheri. Ma'anarsa ta asali ita ce mutum ya nemi wanda ya fi alheri a tsakanin abubuwa biyu. Kishiyarsa kuwa jabr, tilastawa. To, abin mamaki, wannan kalma ta jabr ita ce dai Larabawa ke amfani da ita ga ɗorin ƙashin da ya karye. Duk ɗalibin da ya karanta babin tsarki ya gamu da shafa a kan jabira, wadda ita ce karan ɗori da tsumman da maɗori ke ɗaurewa a karaya. Daga nan ne ma sunan lissafin aljabara ya fito, ta hannun Al-Khawarizmi na Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun. Kalma guda ta ɗauki tilas, ta kuma ɗauki gyara, kuma a ganina nan ne tarkon ya ke. Babu mai tilasta wa mutane da ya taɓa cewa ɓarna ya zo yi. Kullum cewa ya ke ɗori ya zo yi.

Kafin mutum ya yarda da ciniki, ya kamata ya dubi abin da za a ba shi. A ce an karɓe zaɓin 'yan Adam duka yau, shin wahala ta ƙare? Jaririn da ƙyanda ta kama bai zaɓi kome ba, ba shi da laifi, alƙalami ma bai hau kansa ba, amma yana kuka da zafin ciwo. Dabbobin da suka mutu a farin 1973 da 1974, daga Senegal har Habasha, ba mukallafai ba ne, amma sun ji ƙishirwa sun ji yunwa. Girgizar ƙasa ba ta tambayar kowa. Ashe cire zaɓi zai ɗauke kashi ɗaya ne kawai na wahala, wanda ke fitowa daga hannun mutane. Idan ana so a ɗauke sauran, tilas a cire ji shi kansa, a cire ƙauna, domin uwa ba ta kukan ɗanta sai don tana ƙaunarsa. In an kai nan, me ya rage? Dutse ba ya wahala, amma ba a cewa dutse ya huta.

Wannan magana ba tunanin zaure kaɗai ba ce, an gwada ta a jikin mutane. A shekarar 1935 wani likita ɗan ƙasar Fotugal, Egas Moniz, ya fara wata irin tiyata ga masu taɓin hankali a birnin Lisbon. Ana huda ƙoƙon kai a yanke jijiyoyin da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da sauran sassanta, shi kuwa gaban ƙwaƙwalwa shi ne sashen da ya fi aiki wajen tsara niyya da yanke shawara. Ana kiran wannan tiyata lobotomi. Aka ga marasa lafiya masu firgita da ihu sun yi laƙwas, aka yi murna, har aka ba Moniz lambar yabo ta Nobel a 1949. Wani likita a Amurka, Walter Freeman, ya sauƙaƙe aikin daga 1946, yana soka wani tsinken ƙarfe ta saman ramin ido, kuma shi kaɗai ya yi wa mutum wajen 3,500. Da yawansu sun daina kuka, gaskiya ne. Amma da yawa kuma sun daina so, sun daina ƙi, sun daina niyyar kome, sai a bar mutum zaune wuni guda bai nemi tashi ba. Rosemary Kennedy, 'yar'uwar wanda ya zama shugaban Amurka daga baya, an yi mata a 1941 tana da shekara 23, ta fito ba ta iya magana sosai ba ta iya kula da kanta, haka ta zauna a hannun masu jinya har ta rasu a 2005. Tarayyar Sobiyat ta hana wannan tiyata a 1950, sauran ƙasashe kuma suka yi ta barinta bayan an sami magungunan sha a shekarun 1950. Waɗannan likitoci ba duka ne mugaye ba, akwai masu tausayi a cikinsu. Sun nemi su kashe ciwon, sai suka kashe mai jin ciwon, suka bar gangar jikinsa tana numfashi.

Sa'an nan akwai tambayar da ɗalibina bai yi ba, ni na yi masa ita. Na ce, "In kowa ya miƙa zaɓinsa, wa zai karɓa?" Domin a duniyar nan ba mala'ika ne zai sauko ya karɓa ba, mutum ne ɗan'uwanka, kuma shi ba zai miƙa nasa ba. A watan Afrilu na 1975 'yan gurguzun Kambodiya ƙarƙashin Pol Pot suka kama birnin Phnom Penh, da alkawarin al'ummar da babu mai kuɗi babu matalauci, babu mai cutar wani. Suka kori mutane daga birane zuwa gonaki, suka soke kuɗi da kasuwa da makaranta da addini. Abin da za ka ci, da inda za ka kwana, har wadda za ka aura, ƙungiya ce ke yankewa. Musulmin ƙasar, 'yan ƙabilar Cham, an rushe musu masallatai, an tilasta musu cin naman alade, an kashe malamansu. Kafin sojojin Biyetnam su kore su a Janairun 1979, mutum tsakanin miliyan ɗaya da rabi da miliyan biyu sun halaka, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan takwas ba. Zaɓin bai ɓace ba, an dai tattara shi ne a hannun mutane kaɗan, kuma ba a bar kowa da zai iya ce musu a'a ba.

Wani zai ce, to, wannan aikin mutane ne, ɗalibin kuwa a kan Allah ya ke tambaya, wanda ba ya zalunci ba ya kuskure. Haka ne. Amma duba yadda Shi Mai ikon tilastawa ya yi. A aya ta 99 ta Suratu Yunus an bayyana cewa sanya dukan mutanen duniya su yi imani ba abu ne da ya gagari Ubangiji ba, da ya so, kuma a kan haka aka nuna wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa tilasta mutane ba aikinsa ba ne. Babu wahalar da ta kai wuta, babu hutun da ya kai Aljanna, amma ko don a tsirar da mutum daga wuta ba a yarda a ɗauke masa zaɓi ba. A aya ta 72 ta Suratul Ahzab an ba da labarin amanar da aka gitta wa sammai da ƙasa da duwatsu suka ji tsoron ɗauka, mutum ya ɗauka. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, cewa amanar ita ce farillai da biyayya, bisa sharaɗin in an kyautata a sami lada, in an munana a sha uƙuba. Ayar ba ta yi wa mutum kirari ba, ta siffanta shi da yawan zalunci da yawan jahilci, amma ayar da ke biye ta rufe da karɓar tuba da gafara. Dutse ba ya tuba. Rana ba ta sadaka. Mala'ika ba ya jin yunwa balle ya raba lomarsa biyu ya ba maƙwabci.

Malaman Fiƙihu sun gina hukunce-hukunce masu yawa a kan wannan tushe. Mai barci da yaro da mahaukaci ba a rubuta musu zunubi. Wanda aka tilasta ya furta kafirci alhali zuciyarsa na natse da imani ba shi da laifi, kamar yadda ya zo a aya ta 106 ta Suratun Nahl a kan Ammar ɗan Yasir. Limaminmu Malik, Allah ya ji ƙansa, an yi masa bulala a Madina a zamanin Halifa Abu Ja'afar Mansur har kafaɗarsa ta goce, saboda yana karantar da cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, masu mulki kuwa suka gane cewa in haka ne, mubaya'ar da aka karɓa da takobi ita ma ba ta ɗaure kowa ba. Aikin da babu zaɓi a cikinsa, a idon Shari'a, kamar ba aikin mai shi ba ne. Saboda haka duniyar da babu zaɓi ba za ta zama duniyar salihai ba, za ta zama duniyar da babu salihi babu fajiri.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Shari'a tana riƙe hannun mutum a wurare da yawa. Tana hana wawa taɓa dukiyarsa har ya yi hankali, tana tsare mai laifi, tana hana fita daga garin da annoba ta sauka. Irin wannan shi ne karan ɗori na gaskiya: ana ɗaure gaɓa guda, na ɗan lokaci, domin ta warke ta koma aiki, kuma maɗorin kansa yana ƙarƙashin hukunci. Abin da tambayar ke nema kuwa ya yi kama da a yanke ƙafa don kada ta sake karyewa.

Da muka kawo nan sai yaron ya ce, "To, Malam, ai an ce kome rubutacce ne. Ashe zaɓin ma babu shi." Wannan tsohuwar gardama ce, ba zan tsawaita ba. Ma'abad Al-Juhani ya fara musun ƙaddara a Basra tun sauran sahabbai suna da rai, kamar yadda ya zo a farkon Sahihu Muslim. Jahamu ɗan Safwan, wanda aka kashe a shekara ta 128 bayan Hijira, ya tafi ɗaya gefen, ya ce mutum ba shi da aiki sai a bisa aron magana. Ahlus Sunna suka ƙi duka biyun. Imam Abul Hasan Al-Ash'ari, wanda ya rasu a 324, da waɗanda suka bi shi har zuwa Shaihu Sanusi mai Ummul Barahin da a ke karantawa a zaurukanmu, sun ce Allah ne mai halittar kome, bawa kuma yana da kasabi, watau tsiwirwirin aikinsa, wanda a kansa a ke yi masa hisabi. Misalin da su kan kawo kowa na iya gwada shi: hannun mai zazzaɓi da ke makyarkyata, da hannun da ka miƙa ka ɗauki buta, duka motsi ne, amma ka san bambancinsu a ranka ba sai an karantar da kai ba.

Sayyidina Umar ya warware wannan a aikace. Ya nufi Sham, da ya isa Sarga aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, ita ce annobar Amwas ta shekara ta 18. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, ya yanke a koma. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya ba shi misalin makiyayi da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, ya nuna masa cewa duk gefen da ya kai raƙumansa a cikin ƙaddarar Allah ya ke, amma mai hankali ya san wanda zai zaɓa. Labarin yana cikin Muwaɗɗa. A wannan zamani ne kuma fari ya auka wa Hijaz, shekarar da a ke kira Amur Ramada. Umar ya rubuta wa gwamnoninsa, ayarin abinci ya yi ta shigowa Madina, ya haramta wa kansa man shanu da nama har talakawa su samu, ya dakatar da haddin sata a kan mayunwata. Bai iya saukar da ruwa ba sai da roƙo, amma tsakanin fari da mutuwar mutane akwai fili mai faɗi, kuma a filin nan zaɓin shugaba da na attajiri mai rumbu ke aiki. Dattawanmu sun san agana, sun san yadda ta ke makantar da yara ta ɓata fuska. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwarta a cikin jama'a an same shi a Somaliya a 1977, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da ita. Da iznin Allah aka yi, amma ta hannun mutanen da suka zaɓi su bi ƙauye-ƙauye suna yin lamba, da iyayen da suka zaɓi su miƙa 'ya'yansu. Abin da yaron ke so a karɓe shi ne dai makamin da a ke rage wahalar da shi.

Saura wuri mafi wuya, kuma ba zan ɓoye wuyarsa ba. Duk abin da na faɗa bai komo da wan yaron nan ba. Shi mamacin bai zaɓi a kashe shi ba, marayunsa ba su zaɓi maraici ba, wani ne ya zaɓa su suka biya. Mu'utazilawa sun yi ƙoƙarin rufe wannan ƙofa da cewa wajibi ne ga Allah ya yi wa kowane bawa abin da ya fi masa amfani. Ana ba da labari cewa Al-Ash'ari ya tambayi malaminsa Al-Jubba'i a kan 'yan'uwa uku: ɗaya ya mutu mumini, ɗaya kafiri, ɗaya yana yaro. In yaron ya nemi darajar muminin aka ce bai yi aikinta ba, zai ce ai ba a bar shi ya girma ba. Malamin ya ce za a amsa masa da cewa an san in ya girma zai saɓa, shi ya sa aka ɗauke shi. Al-Ash'ari ya ce, to, in kafirin ya ɗaga murya daga wuta ya ce shi me ya sa ba a ɗauke shi yana yaro ba fa? Malamin ya rasa amsa. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne, duk wanda ya ce zai zauna ya lissafa maka hikimar kowace musiba ɗaya bayan ɗaya, zai kai inda lissafinsa zai tsaya. Annabi Musa ma bai iya haƙuri da abin da ya gani a tafiyarsa da Halliru ba, sai da aka buɗe masa.

Abin da Musulmi ya riƙa shi ne cewa shari'ar ba a nan ta ke ƙarewa ba. Ya tabbata a hadisi cewa jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar Alƙiyama, kuma a Sahihu Muslim an nuna cewa har dabba marar ƙaho za a rama mata a kan mai ƙahon da ta tunkuye ta. Gidan da babu ciwo babu baƙin ciki babu ƙullin zuciya, an yi alkawarinsa, an siffanta shi a Suratul A'araf da Suratul Hijr. Ba a ce wa mutum ya daina fatan ƙarewar wahala ba. An dai gaya masa inda za ta ƙare, kuma waɗanda za su shiga can mutane ne da sunayensu da ayyukansu, ba gumaka ba.

Daga ƙarshe yaron ya gaya mini abin da ke cin sa tun farko. Samarin danginsu suna matsa masa, shi ne namiji babba da ya rage, suna cewa in bai rama ba ba ɗan halas ba ne, har sun nuna masa ƙanen wanda ya yi kisan. Na ce, "Ɗana, ka zo kana so a karɓe zaɓin duniya duka, alhali ga naka a hannunka yana jiran ka." Na buɗe masa aya ta 178 ta Suratul Baƙara muka karanta tare, na nuna masa cewa Shari'a ta ba dangin mamaci hanya: ko ƙisasi a kan wanda ya yi kisan shi kaɗai, ta hannun alƙali da hukuma, ko sulhu a kan diyya, ko afuwa. Ɗaukar makami da kai, da kashe ƙanen mai laifi, ba ya cikinsu, wannan sabon kisa ne da zai haifar da sababbin marayu. Ban zaɓar masa a cikin ukun ba, domin haƙƙinsa ne da na sauran magada. Na dai shawarce shi ya tafi da kawunsa wurin hukuma, ya kuma nemi limamin garinsu ya zauna da samarin.

Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya yi godiya ya tafi. Ya nemi iznin kwana uku a makaranta, aka ba shi. Ranar Litinin na gan shi a sahun gaba da littafinsa, ya ce mini maganar tana gaban alƙali, kuma ya ɗauko babban ɗan marigayin ya sa shi makarantar allo kusa da inda ya ke zaune.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin rainon maraya da kula da dukiyarsa a mazhabar Malik. Allah shi ne mafi sani.